Motar Cikin Kwali

Bahaushe bai yarda a tara aikin hannu duka a ƙarƙashin kalma guda ba. Maƙeri ƙira yake yi, masassaƙi sassaƙa, mai tukwanen alminiyam zubi, shi kuwa wanda aka miƙa wa guntayen abu ya jera su har suka tashi, haɗi ya yi. Duk wanda ya zauna ajin nazarin sana'o'in gargajiya ya san wannan. Amma abin mamaki, da zarar an zo maganar mota sai mu watsar da bambancin, ka ji gidan rediyo yana cewa an ƙera mota a wuri kaza, alhali kuwa ko ƙusa ɗaya ba a ƙera a wurin ba. Ni abin da ya fara sa ni lura da wannan sakaci namu wani kayan wasa ne na Turawa da mutanen Japan, kuma shi nake so in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayaninsa.

Abin dai mota ce 'yar ƙarama ta roba, amma ba a sayar da ita a haɗe. Kwali za ka saya mai hoton mota a bisa. In ka buɗe sai ka tarar da guntayen roba maƙale a jikin wasu rassa, kamar 'ya'yan dabino a zangarniya, kowane guntu da lambarsa. Akwai tayoyi na roba mai laushi, da gilasai, da wata takarda mai tambura wadda sai an jiƙa ta da ruwa tambarin yake saki, sa'an nan da takardar bayani. Gam da fenti kuwa kai za ka nemo. Girman motar ba da ka aka yi shi ba. Ma'aunin da ya fi yawa shi ne 1:24, watau inci ɗaya a jikin 'yar motar yana daidai da ƙafa biyu a jikin ta gaske. Kamfanonin Amurka su sun fi riƙe 1:25.

Ni a 2022 na fara cin karo da irin wannan kwali, lokacin da yajin aiki ya zaunar da mu a gida har wata takwas (malamaina su yi mini afuwa, labari ne ya biyo ta nan). A wurin wani ɗan gwanjo na gan shi, cikin tarkacen 'yar tsana da jiragen yara da aka kwaso daga Turai. Mai kayan ya ɗauka fasasshiyar mota ce, don haka bai tsananta ciniki ba. Ashe sabuwa ce fil, ko ledar ba a yage ba: Volkswagen mai siffar kunkuru, samfurin 1966, aikin kamfanin Tamiya na Japan. Takardar bayaninta da harsuna huɗu aka rubuta, Japananci da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci, amma zanen ya wadatar ko ba ka jin ko ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kanta. Da reza nake yanke guntu daga reshe, in goge bakin da sanfefa, in ɗauka da hantsaki, domin wani guntun bai kai ƙwayar gero biyu ba. Gam ɗin wannan aiki narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, har guntayen biyu su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo guda a kan gilashi ya isa ya dusashe shi har abada. Fenti kuma ga ƙura a matsayin abokiyar gaba, wanda ya san ɗakunanmu na Arewa ya san abin da nake nufi. Sai da na riƙa kifa wa motar kwanon sha kafin ta bushe. Da na gama, tsawonta bai wuce santimita 17 ba.

Ba zan ɓoye ba, na ƙaru. Kafin nan ban taɓa tunanin inda injin wannan mota yake ba, sai da na manna shi da hannuna a baya, na ga gaba but ne da safaya. Na yi ta neman lagireto a cikin rassan ban samu ba, sai Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana kanikanci, ya yi dariya ya ce, "Ai ɗana, wannan ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta." Daga nan ya karɓi 'yar motar yana nuna mini da farcensa: ga kafireta, ga giyabos, ga salansa, ga shokozoba. A zama ɗaya na cika shafi biyu da kalmomin aro na bakin kanikawa, waɗanda wasunsu ban taɓa gani a ƙamus ba. Ya juya ta, ya duba ƙarƙashinta, ya ce wanda ya yi wannan lalle ya taɓa kwanciya a gindin ta gaske. Kawu bai tambayi wanda ya haɗa ba, ga ni zaune a gabansa. Wanda ya yi yake yabo.

Wannan magana tasa ita ta tura ni neman su wane ne masu yin. Ashe sana'ar daga talla ta faro. A Ingila, wani ɗan gudun hijira daga Hungary mai suna Nicholas Kove ya kafa kamfanin Airfix a 1939, bayan yaƙi kuma yana zubin matajan roba. A 1949 aka ba shi kwangilar yin 'yan ƙananan taraktocin Ferguson domin 'yan talla su riƙa nuna wa manoma. Da aka ga haɗa su yana cin kuɗin ƙwadago, sai aka soma sayar da su a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Ka ji dabara! An ɗora wa mai saye aikin lebura, shi kuma ya karɓa da murna ya kira shi nishaɗi. A Amurka ma haka ta faru. Kamfanin AMT na jihar Michigan, wanda aka kafa a 1948, ƙananan motoci yake yi wa dillalan mota suna raba wa masu zuwa kallon sabon samfuri. A 1958 ya fito da kwalin da ke da hanya uku: ka haɗa motar yadda take a kanti, ko ka yi mata ƙawa, ko ka mai da ta ta tsere. Yaran Amurka suka yi caa a kai, har shekarun 1960 suka zama kakar wannan kasuwa.

Amma labarin da ya fi kama ni shi ne na Shizuoka, wani birni a Japan da aka daɗe da sanin sa da aikin katako. Can Yoshio Tamiya ya buɗe wurin tsaga katako a 1946, yana yin jiragen wasa na itace. Da kayan roba na Amurka suka shigo suka kashe kasuwar na itace, sai gidan ya koma roba wajen 1960, bai kuma daɗe ba ya kafa sashen ƙera mazubansa da kansa maimakon ya dogara da wasu. Ɗansa Shunsaku shi ne wanda ya sayi mota Porsche 911 sukutum, ya sa aka kwance ta ƙusa-ƙusa domin a auna kowane ƙarfe, kafin su fitar da Porsche 934 a ma'aunin 1:12 a 1976. Ashe Kawu ya yi gaskiya. A yau Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi duk a yankin Shizuoka suke, kuma birnin yana da baje kolin wannan sana'a da ake yi a watan Mayu.

Na ambaci mazubi, to bari in tsaya a kansa, domin shi ne uwa ma ba da mama. Mai zubin tukunya a Panteka da yashi yake yin mazubinsa, yana zubi ɗaya ya rushe. Na waɗannan kuwa tubalan ƙarfe ne guda biyu masu tauri, an sassaƙa siffar kowane guntu a cikinsu, rabi nan rabi can. Inji ya matse su, ya tura narkakkiyar roba da ƙarfi ta cikin 'yan hanyoyi, cikin daƙiƙoƙi ta daskare, a buɗe, reshe ya faɗo. Rassan nan da nake yankewa ina zubarwa su ne hanyoyin da robar ta bi. Robar da ke cikin kwali kuɗinta kaɗan ne; awo da zane da sassaƙar ƙarfen nan su ne dukiyar, sai kuma kuɗin izini da ake biyan kamfanin da ke da motar ta gaske. Shi ya sa kamfani kan mutu mazubinsa ya rayu. Bayan tsadar mai ta 1973 ta ɗaga farashin roba, wasannin kwamfuta kuma suka janye yara, Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har Hornby ya saye shi a 2006. Revell da Monogram na Amurka suka haɗe a 1986. Amma mazuban AMT na shekarun 1960 har yanzu ana ɗora wasunsu a inji ana sayar wa dattawan da suka haɗa su suna yara.

A nan ne nake tuna motocinmu na ƙuruciya. Wa ya manta da motar kara, da ta langa-langa, da ta gwangwanin madara mai tayoyin tsohon silifa? Yaron da ya zauna a gindin danga da kara da totuwa ba shi da takardar bayani. Shi ya kalli motar katako a tasha, ya riƙe siffarta a kai, ya yanke shawarar tsawo da faɗi, ya ƙago yadda sitiyari mai dogon kara zai juya tayoyin gaba. In ana maganar kama da gaske, Volkswagen ɗina ta fi tasa nesa ba kusa ba. In kuwa ana maganar wa ya yi tunanin, to ni bin lamba kawai na yi, 1 zuwa 2, 2 zuwa 3, kuma duk wanda ya sayi kwali irin nawa a Jamus ko Brazil mota ɗaya muka tayar. Yaron nan, da Shunsaku Tamiya, aikinsu iri ɗaya ne: kallo, awo, ƙaga. Bambancinsu kayan aiki, da kuma abin da aka ce wa kowannensu. Namu ana ce masa ya bar wasan banza ya tafi aike.

Kuma mai karatu ya san mun taɓa yin wannan wasan kwali da manyan motoci. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta Volkswagen a Legas ma a shekarar. Sassan motocin a akwatuna suke zuwa daga Turai, na Peugeot har ta jirgin sama aka riƙa sauke su a Kano daga birnin Lyon. Ma'aikatanmu suka haɗa 504 dubbai, suka ƙware, iyalai da yawa suka ci abinci, ba na raina wannan. Amma da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980, akwatunan suka yi tsada, aikin ya ja baya, domin mazubin yana can inda yake. Da jaridunmu sun rubuta haɗi a inda suka rubuta ƙira, wataƙila da mun fi saurin tambayar yaushe za a kai ga ƙirar.

Yanzu akwai injin da ke gina abu daki-daki daga zanen kwamfuta, wanda masu wannan sha'awa suke fitar da tayoyi da injina da shi ba tare da mazubin ƙarfe ba. Wani abokina na sashen injiniya ya ce in na kawo awo zai yi zanen. Saboda haka hutun da ya wuce na ɗauki tef na nufi garejin Kawu, inda wata 504 take kwance ba taya. Tsawonta mita huɗu da rabi ne saura kaɗan, in an raba gida 24 ya kama santimita 19 ba kaɗan. Ƙofofi da gilasai ba su ba ni wuya ba. But ɗin baya ne ya tsayar da ni, wanda ya miƙe sa'an nan ya karye ya gangara, domin tef ba ya auna lanƙwasa. Kawu ya ce in kawo waya mai laushi in kwantar a kai, in ɗauke ta a hankali in zana bakinta a takardar siminti, kamar yadda masu gyaran bodi suke yi. Na samu zane bakwai a haka, saura fitilun gaba.