Ranar da motarmu ta lantarki ta ƙi tashi



Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mu huɗu a nan Agege muka haɗa kuɗi muka sayi mota mai aiki da lantarki, ta hannu, muka ba wani ƙanenmu yana haya da ita. Kuɗin ba rara ba ne, ɗayanmu filinsa na gida ya sayar.

Da Babbar Sallah ta zo muka tafi gida, motar ta yi mako uku a ajiye. Da muka dawo ko ƙofa ta ƙi buɗewa da rimot. Muka buɗe da makulli, muka danna maɓallin tayarwa, shiru. Muka jona caja, shiru. Bakaniken da muka kira ya ce babban batirin ne ya mutu, kuma kuɗin da ya ambata ya kusa rabin kuɗin motar. Daren nan ba wanda ya runtsa a cikinmu, har an fara zancen a sayar da ita ko da asara.

Washegari aka haɗa mu da wani matashi mai gyaran wutar mota a kasuwar Ladipo. Yana zuwa ya buɗe bonet, ya ɗora mitarsa a kan wani ƙaramin batir irin na kowace mota, mai volt 12. Mai lafiya yakan nuna kusan 12.6, namu ko 10 bai kai ba.

"Alhaji, babban yana nan lafiya lau," in ji shi. "Wannan ƙaramin shi ke tayar da kwamfutar motar, ita kuma ta ba babban izinin sakin wuta. In ya mutu, ko caji motar ba za ta karɓa ba."

Aka sa sabo, allon gaban direba ya kawo haske, sai ga babban batirin da caji fiye da rabi. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Saura ƙiris mu rabu da jarinmu a kan batirin da ake samu a kowane shagon kayan mota.

Matsala ta biyu mu muka jawo ta. Muna cajin motar da ekstenshan daga soket ɗin shago, wata rana muka ji ƙauri, ashe roba ce ke narkewa. Cajar gida takan ja kusan amp 10 ba tsayawa, kuma batir mai kilowat-awa 40 yana buƙatar sama da awa 17 kafin ya cika daga ƙasa. Siririyar waya ba ta jure wannan. Muka kira mai wayarin ya ja wa motar layinta daban da waya mai kauri, ya kafa wayar ƙasa. Yawancin caja in ba ta ga wayar ƙasa ba, sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki, shi ya sa take yawan ƙin ƙananan janareto.

Yanzu ga yadda muke yi. Cajin yau da kullum muna tsayawa a kashi 80 cikin ɗari, ba ma bari ya sauka ƙasa da 20, sai in tafiya ce mai nisa. Muna ajiye ta a inuwa, don zafi shi ke saurin tsufar da batirin litiyom. Ba ma yawan kai ta wurin caji mai sauri. In za a yi doguwar tafiya, muna barin wanda zai riƙa kunna ta duk mako, domin in tana kunne babban batirin ke ciyar da ƙaramin. Da damina direba ba ya kutsawa cikin ambaliya, tunda batirin a ƙasan motar yake. Wayoyi masu launin lemo kuwa ba mai taɓa su sai ƙwararre, wutarsu ta kai kusan volt 400, tana kisa.

Duk ɗan'uwan da motarsa ta lantarki ta ƙi tashi, kafin ya yarda an ce babban batir ne, ya sa a auna ƙaramin, a duba soket da waya. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.