Gasket ɗin da ke Shan Iska

A Balan, wanda motarsa ta samu matsala yakan yi lissafi kafin ya nemi bakanike, domin kayan gyara sai an bi ta Gaya da Wudil an shiga Kano, galibi Ƙofar Ruwa. Shi ya sa nake gyara abin da hannuna zai iya.

Tsakanin manifol da kan inji akwai wani siririn gasket. Aikinsa ya hana iska shiga sai ta hanyar da aka tsara mata. Zafi da tsufa sukan busar da shi ya tsage. Daga nan inji ya riƙa zuƙar iskar da ta fi ƙarfin fetur, mota na karkarwa a tsaye, ana jin siririn fito. Abin da ya fi damuna shi ne wannan iska ba ta bi ta matatar iska ba, ƙurar hunturu kai tsaye take wucewa cikin silinda.

Gyaran ba ƙarfi yake so ba, natsuwa yake so. Sai inji ya huce, a cire kan batir, a kwance manifol, a toshe ramukan da tsumma mai tsabta, a kankare ragowar tsohon gasket ba tare da an karce ƙarfen ba. Wajen ɗaure notuna, daga tsakiya ake farawa zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, don sabon gasket ya zauna daidai.

Nakan yi tunanin yawan motocin da ake canza wa fulogi ana ta kashe kuɗi, alhali ciwon yana ga wannan ɗan abu mai araha.