'Ya'ya biyar ma har da rubuta littafi?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ba ne illa goro da ya shigo, Baba kuwa ba ya son ganin mutum da waya a hannu lokacin ɗauri.

Yau zancen wani Bature zan yi muku. Akwai abokina ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan waya a wajen Mokola. Ran nan na je sayen caja, sai ya ce in zauna in ga wani ɗan cocinsu. Na zaci wa'azi zai sa mini, har na fara neman hanyar zamewa. Ashe barkwanci ne.

Sunan mutumin Jim Gaffigan, ɗan Amurka ne, an haife shi a 1966, ya tashi a jihar Indiyana. Sana'arsa ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a ya yi ta ba su dariya. Ɗan ɗarikar Katolika ne, kuma an san shi da kauce wa batsa. Yawancin zancensa abinci ne da lalaci da iyali. Shi da matarsa Jeannie 'ya'yansu biyar. A 2013 ya fitar da littafi mai suna Dad Is Fat, wato dai Baba mai teɓa ne, sunan kuma daga wani rubutu da ɗansa ya yi yana ƙarami aka samo shi. A lokacin su bakwai ɗin nan a gida mai ɗakin kwana biyu suke zaune a tsakiyar birnin Niyok.

Wallahi da farko dariyar raini na yi. Biyar? Mu goma sha huɗu ne a wurin Baba, iyaye mata biyu, ɗaki uku. Abokin nawa ma su tara ne, ya ce a wajensu Mbaise macen da ta haihu goma har akuya ake yanka mata don girmamawa. Muka haɗu muna yi wa Bature tsiya.

Amma da na ci gaba da saurare sai jikina ya yi sanyi. Ya ce bayan na uku mutane suka daina yi masa barka, sai kallo. Wannan kallon na san shi. Na gan shi a wani asibiti a garin nan, ranar da na raka Umma, ma'aikaciyar ta tambaye ta haihuwa nawa, Umma ta ce takwas, sai matar ta ajiye biro ta juya ta faɗa wa ta kusa da ita wani abu da Yarbanci. Ta manta a nan aka haife ni, Yarbanci kuwa kamar ruwa nake shan sa. Na gan shi a makaranta, ranar da wani malami ya gano mu huɗu masu sunan uba ɗaya ne a sakandare ɗaya, ya tsayar da mu gaban aji yana ƙirgawa. Duk wanda ya girma a kudu ya san ana yi mana kallon masu haihuwa ba lissafi. Ban taɓa tunanin akwai Bature mai kuɗi da ake yi wa irinsa ba.

Sai kuma ya zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ya kwatanta samun ɗa na huɗu da mutumin da ruwa ke ci, yana neman ceto, sai wani ya miƙo masa jinjiri. Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Ga dalili. Shekarar da na gama sakandare, sakamakona bai yi muni ba, kuma ina son shiga kwalejin kimiyya da fasaha. A shekarar aka yi suna biyu a gidanmu, rago biyu, ga haya, ga ciniki ya ja baya. Baba ya ce in dakata zuwa baɗi. Baɗin nan har yau ba ta zo ba. Ban taɓa buɗe baki na ce abin ya yi mini ciwo ba, domin a wurinmu da ka ce yawan iyali da wuya, sai a ce kana butulce wa Allah, kowane yaro da arzikinsa. Na yarda da haka, ba na ja. Sai dai ni a ganina faɗin cewa abu da wuya ba ƙin abin ba ne. Mai ɗaukar huhun goro yana nishi, ba don yana son a zubar da goron ba.

Abin da mutumin nan yake yi ke nan. Zai ce ya gaji, ba ya barci, ba ya samun shiga bayan gida cikin natsuwa, amma ba za ka ji yana nadamar ko ɗaya daga cikinsu ba. Mutanen cocinsu ma ba su ɗauke shi mai saɓo ba. A watan Satumba na 2015, lokacin da Fafaroma Francis ya je babban taron iyalai a birnin Filadelfiya, yana cikin waɗanda suka yi wasa a wurin.

Inda nake da ja da shi, da mu maza gaba ɗaya, shi ne wa ke ɗauke da kayan. Shi da bakinsa yana faɗin matarsa ce ke riƙe da gidan, kuma tare suke rubuta barkwancin. Ita ce babba a cikin 'ya'ya tara a gidansu, shi kuwa auta ne a cikin shida, kun ga bambancin horo. A 2017 aka gano wani babban ƙari a ƙwaƙwalwarta, aka yi mata aiki, ta daɗe tana jinya, Allah ya sa ta tashi. A nan ne gida ya dawo kansa da 'yan uwa.

Mu ma mun taɓa ganin irin haka. Umma ta kwanta wata uku, Inna kuma tana da goyo. Baba bai san ajin da ƙannena suke ba, bai san wanda wake ke ɓata wa ciki ba. Yayarmu ce ta bar makaranta tana aji biyar ta riƙe mu, girki, wanki, kai yara allo. Ba ta koma ba. Ni da nake ƙorafin kwaleji, ko takardar sakandare ai na samu. Ita ban taɓa jin wani ya tambaye ta ko abin ya dame ta ba, har da ni.

Shekaranjiya da yamma muna rumfa ni da Baba, ciniki ya lafa, sai na yi ƙarfin hali na ba shi labarin Baturen da maganar mai nutsewa. Ya yi shiru yana juya goro a cikin ganye, har na fara da-na-sani. Can sai ya kece da dariyar da rabon da in ji ya yi irinta tun ina yaro.

"Biyar ne ruwa ke cin sa? To mu ai sai a ce a ƙasan teku muke kasuwa."

Da dariyar ta lafa ya share ido, ya ce, "Makarantar nan taka, nawa fom ɗinta yanzu?"

Na ce, "Baba, zan tambayo."

Ban sani ba ko da gaske yake, ko daɗin hira ne. Gobe in Allah ya kai mu zan je in tambayo, daga can kuma zan biya gidan Yaya.