Ƙamshin da Inna ta gane

Da hunturu ya kankama a Kalgo, na sayi wani turare mai ƙamshin ganyen taba da banila. Da bazara irinsa hawa kai yake yi, amma cikin sanyi sai ya lafe a jikin riga, ya kwana bai fita ba.

Ranar Juma'a na shafa shi na tafi gida Gwandu. Ina durƙusawa gaisuwa, Inna ta yamutsa fuska.

"Auta, taba ka fara sha?"

Gabana ya faɗi, domin a gidanmu wannan ba ƙaramin zargi ba ne. Na yi ta rantsuwa, na ciro kwalbar na miƙa mata. Ta shinshina, ta yi shiru. Can ta ce, "Haka ɗakin kakarka yake ƙamshi lokacin ɗari. Ba ta rabo da furen taba da goro, ga garwashi a kasko."

Ban taso na tarar da kakata ba, ko hotonta babu. Ranar na fara saninta.

Na bar wa Inna kwalbar. Har hunturu ya wuce ba ta shafa ba, buɗewa kawai take yi bayan sallar asuba. Allah Ya jiƙan magabatanmu.