Itatuwan da muka sare, da waɗanda muka bari

Mu matan wata ƙungiya ce a wani ƙauye arewa da Maraɗi. Mu ashirin da takwas ne, muna zubin dala hamsin hamsin kowace Alhamis bayan la'asar. Mun daɗe muna karanta labaran wasu ƙungiyoyi a nan, yau kuma ga namu. Akwai abin kunya a cikinsa, amma mun yi shawara mun ce a rubuta shi yadda yake.

Bara da kaka, an gama zubi, an ƙirga kuɗi, masu makulli uku sun matso za a rufe akwati, sai ɗaya daga cikinmu ta ce tana da magana. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mata ƴaƴa biyar da gona ɗaya. Ta ce ɗanta na fari, mai shekara sha tara, ya ɗaura niyyar tafiya Libiya, kuma ba ta da kuɗin motar da zai kai shi ko Agadas. Wani mai sayen icce ya zo daga birni, ya zagaya gonar, ya ƙirga gawo da kalgo da aduwa da magarya, ya yi tayin jika tamanin a kan ya sare su gaba ɗaya.

"Ba rance na zo biɗa ba," in ji ta. "Shawara nike so. Yaron ga ba ya barci, ni ma ba na yi. Ku hwaɗa mini gaskiya."

Muka yi tsit. Kusan kowace a cikinmu tana da ɗa ko ƙane ko miji a waje: Kano, Legas, Aljeriya, Libiya. Wasu suna aiko da kuɗi, da su ma ake zubin. Wasu kuma shiru. Ba mu manta da 2013 ba, lokacin da mutum 92, mafi yawansu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a hamada bayan Arlit. Amma mun san abin da ke cin ran saurayi idan rani ya shigo, rumbu bai cika ba, abokansa suna turo hoto a waya. Ba wadda ta iya cewa yaron ba shi da hankali.

Sai babbar cikinmu, wadda duk muke kira Inna, ta gyara zama ta ce: "Ɗiyata, kin san wa ya bar itatuwan ga da ake ma ciniki? Surukinki ne, Allah ya jiƙan shi. Kuma mu nan mun yi mai dariya."

Ƙananan cikinmu ba su san labarin ba. Mu da muke ƴan mata a lokacin mun san shi, sai dai ba mu cika son tuna shi ba.

Ƴan mishan ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram tun 1924. Su suka buɗe likitar Galmi a 1950, da ta Danja kusa da Maraɗi a 1956, inda ake jinyar kuturta, daga baya aka ƙara wurin aikin yoyon fitsari. Kirista ne, ba su taɓa ɓoyewa ba, kuma da wa'azinsu suka zo. Iyayenmu suna zuwa neman magani wurinsu, su dawo gida da addininsu yadda suka tafi da shi. Akwai girmamawa, akwai kuma taka tsantsan.

A 1981 wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi da iyalinsa don aikin gona da dashen itatuwa. Ya yi ta rainon dashe yana kaiwa ƙauyuka, amma mafi yawa suna mutuwa. Rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu, gara ta gama da saura. A 1983, yana kan hanya da mota, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce. Tofon icce ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan tofon ya cika gonakinmu. Mu kuwa kowace bazara sai mu bi shi da adda, mu tara, mu cinna wuta, domin a wurinmu manomin kirki shi ne mai gona fes.

Abin da ya fara koyarwa, wanda yanzu ake kira sassaben zamani, ba shi da wuya. A je wurin kututturen da ya yi tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa na ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, da ƙarfe mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan ƴan watanni a dawo a sake gyarawa. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin tsohuwar saiwar ta riga ta kai inda danshi yake.

Sai yunwar 1984 ta zo, wadda muke kira El Buhari, shekarar da aka rufe iyakar Najeriya. Wadda ta gan ta ba sai an ba ta labari ba. Mun ci anza, mun ci dusa, mun sayar da kwanonin aure. Ƴan mishan suka fara raba hatsi a ƙauyuka wajen ɗari a kan aiki, kuma cikin aikin akwai barin itatuwa a gona. Iyayenmu suka yarda. Wa zai ƙi? Da an ce a bar duwatsu a gona ma, da an bari. A yankin baki ɗaya, itatuwan da aka bari sun kai kimanin dubu 500.

Ga inda kunyar take. Da ruwa ya dawo, rabon hatsi ya tsaya, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Gidajenmu na ciki. Mu da kanmu muka ɗauko iccen a ka, muka girka tuwo da shi.

Me ya sa? Inna ta lissafa mana dalilan a ranar, ba ta rage ko ɗaya ba. An ce inuwa za ta hana hatsi yi, kuma tsuntsaye za su samu wurin zama. An ce bature ba ya yin abu banza, wata rana zai dawo ya ce gonar da ke da itatuwansa tasa ce. An ce dabara ce ta jawo mutane cikin addininsu. Sai kuma babban dalili, wanda gaskiya ne a lokacin: bisa doka icce na gwamnati ne, ko a gonarka yake. In ya girma ka taɓa shi, sai tara. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara?

Surukin matar nan yana cikin ƴan kaɗan da suka ƙi sarewa. Musulmi ne, ladan ne ma a masallacin unguwarsu. Aka ce ya zama yaron mishan, aka ce ragwanci ne ya hana shi share gona. Dare biyu aka shiga aka sare masa wasu. Abin da yake cewa kawai shi ne: "Saiwar ga ba bature ya kawo ta ba. Ta kakana ce."

Ba a yi shekara biyar ba muka fara gani da idonmu. Iskar farkon damina da ke binne shuka, mu sake shuka sau biyu sau uku, shi tasa tana tsayawa. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, kuma ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi girma. Da rani bisashe suna zuwa cin ƴaƴan gawo da na kalgo, su bar taki. Mu muna fita tun asuba neman icce mu dawo rana tsaka, matansa kuwa a gona suke ɗaure nasu. Ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Sai dai a hankali, gida bayan gida, aka koma barin tofo, kowa yana yi kamar shi ya fara tunanin.

Bature bai dawo karɓar gonar kowa ba. Ya koma ƙasarsu a 1999. Masu bincike da hotunan sama sun ce a kudancin Nijar sassaben zamani ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma mafi yawa manomi ne ya gani wurin manomi ya kwaikwaya. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo a Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman ramuka, irin wanda muke kira tasa. A 2020 kuma gwamnatinmu ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa.

Maganar addini kuwa, a ƙauyenmu muna nan yadda muke. Ɗaya daga cikin masu riƙe makullin akwatinmu Kirista ce, daga wajen Tibiri aka auro ta, kuma shekara tara ba a taɓa rasa ko dala a hannunta ba. Da Inna ta kai wurin maganar tsoron da aka yi, ita ce ta fara dariya. Ta ce: "Yaya, ku kun ji tsoron a maida ku Kirista, mu kuma babanmu Kirista ne, shi ma sai da ya sare nashi." Duk muka fashe da dariya, har mai matsalar. Malaminmu ma ya sha gaya mana cewa iccen da mutum ya raina, duk wanda ya amfana da shi, mutum ko tsuntsu ko dabba, sadaka ce gare shi. Mun san wannan tun muna yara. Sai da baƙo mai wani addini ya zo ya durƙusa gaban kututture muka haɗa karatun da gonarmu.

Bayan dariyar, muka koma kan lissafi, tunda shi ne aikinmu. Sakatariyarmu ta ɗauko littafi. Muka tambayi matar: nawa take samu a ƴaƴan gawo da na kalgo da take sayar wa masu kiwo? Nawa a aduwa da magarya? Nawa za ta kashe a icce da ba ta da na gona? Da aka haɗa, a ƙiyasinta ita kanta, abin ya kusa jika talatin a shekara, ban da ƙarin hatsi. Wato jika tamanin ɗin nan, kuɗin ƙasa da shekara uku ne, a ba ta yau a ɗauke mata na shekara ashirin. Sakatariya ta ƙara da cewa gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, ba a kayar da shi haka kawai, kuma in magana ta tashi, mai gona za a nema, mai mota ya riga ya tafi.

Ba mu ce a hana yaron tafiya ba. Ba mu da wannan ikon, kuma wasunmu da kuɗin ci rani suke ciyar da gida. Abin da muka yanke shi ne: kada a sayar da itatuwan. Uwar ta karɓi rancen jika arba'in na wata huɗu. Aka haɗa da tunkiyar da ta sayar, aka sayi jaki, ƙanen mijinta ya ba da aron tsohon amalanke. Muka kira yaron, Inna ta ce masa: "Ɗana, ka ba mu rani ɗaya. In ya wuce kana son tahiya, da kuɗin guminka za ka tahi, ba da inuwar ƙannenka ba." Ya sunkuyar da kai ya ce: "To, Inna." Ba mu ga alamar ya ji daɗi ba.

Ya yi ranin yana gyara rassa a gonarsu da gonakin waɗanda suka kira shi, ana biyansa da icce, yana kaiwa kasuwa, yana haɗawa da dakon ruwa da na taki. An biya rancen, amma da jinkirin sati uku, kuma mun ci uwar tara kamar kowa. Yanzu da muke rubutun nan, yaron yana gida, sai dai har yanzu yana maganar tafiya bayan girbi. Wataƙila ya tafi. In ya tafi, Allah ya tsare hanya. Zai bar uwarsa da gona mai itatuwa, kuma in ya dawo zai tarar da abin kamawa.

Abin ya sa mun duba namu. Da yawa cikinmu muna da gamana, amma rabinmu ba mu taɓa barin tofo a cikinta ba, don muna tsoron in ta yi kyau maigida ko danginsa su karɓe. Wannan tsoron ɗan uwan wanda iyayenmu suka ji ne game da gwamnati. Bana muka je wurin maigari mu takwas, muka nemi a yi magana gaban mazajenmu cewa iccen da mace ta raina a gamanarta, amfaninsa nata ne. Biyar sun yarda, uku sun ce a ba su lokaci. Za mu koma.

Mun kuma tuna cewa asusun nan namu ma da hannun baƙi ya fara. Ƙungiyar CARE ce ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, a kan adashin da iyayenmu mata suka saba yi. Shi ma da farko an ce wata manufa ce. Hatsin El Buhari ya ceci rayukanmu, ba za mu raina shi ba, amma cikin watanni ya ƙare. Akwatin da itatuwan su ne har yau muke ci, kuma duka biyun da abin hannunmu aka gina su.

Don haka roƙonmu gare ku, ƴan uwa: in wata a ƙungiyarku ta matsu har ana yi mata cinikin itatuwan gona, kada ku bar ta ta yanke shawara ita kaɗai da dare. Ta kawo maganar gaban akwati, a ɗauko littafi, a ƙirga abin da iccen ke ba ta a shekara. Kuma kafin sassaben bana, kowace ta zagaya gamanarta ta ƙirga kututturan da ke da rai. Mu mun ƙirga namu, wadda ta fi ƙaranci ta samu sha ɗaya.

Muna gaida dukan ƙungiyoyi na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da ƴaƴanmu lafiya.