Kogin Gada: Ya Fita Ƙasa, Ya Komo

Daddara gari ne a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, kusa da iyakar Nijeriya da Nijar. Can muka sauka wurin 'yan'uwa da rani, daga nan muka ƙarasa Jibiya da yara don su ga Kogin Gada. Masu masaukinmu sun gargaɗe mu mu komo kafin la'asar, gama hanyar ba ta da kwanciyar hankali.

Da rani kogin ba shi da kwarjini. Yashi ne shimfiɗe, mata suna tonawa, ruwa yana tsattsafowa, suna kwalfa da ƙwarya. Amma kada mai karatu ya raina shi. A Yuli 2018 ruwa ya yi ambaliya a Jibiya da dare, mutane fiye da 40 suka rasu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tafiyarsa. Daga Jibiya sai ya tsallake iyaka, ba fasfo, ba kwastan. A Nijar sunansa Gulbin Maraɗi. Ya bi ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya karkata yamma, ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Mutanen Maraɗi sun san halinsa sarai. A 1945 ya cinye tsohon garinsu da ke fadama, dole aka koma kan tudu.

Mun kuma tsaya a madatsar ruwa ta Jibiya. Ruwa malala, masunta a kwalekwale, ga gonakin rani kore shar. Abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai mun tuna, duk ruwan da aka tsare a nan, akwai manomi a fadamar Maraɗi da yake jiransa, Bahaushe kamar na Jibiya, watakila ma surukinsa ne. Saboda haka ne a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za su raba ruwan kogunan da suke tarayya. A ganinmu takarda kaɗai ba ta shayar da gona, sai an buɗe ƙofar madatsa a kan kari.

Yaran suka tambaya ina ruwan yake ƙarewa. Muka zana musu a yashi: Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su gangara Kwara, Kwara kuwa ta kai shi teku.