Daren Hunturu a Kongolam

Ranar Juma'a, 3 ga Janairun 2025, na bar Kano da hantsi zuwa Kongolam ɗaurin auren 'yar kawuna. Muka bi ta Dambatta da Kazaure, mu shida a cunkushe cikin Golf, an ɗage gilasai saboda ƙura. Tun kafin mu isa Daura zufa ta jiƙa ni, na tuɓe rigar sanyina na cusa ta bayan kujera. Can na bar ta. Sai da na yi Juma'a a Daura, na sauya mota, muka wuce Mai'adua, sannan na tuna.

Kongolam ita ce ƙarshen Najeriya ta wannan hanya. Kana tsallake shinge ka kama hanyar Matameye da Damagaram. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi, 'yan canji na kaɗa sefa da naira. Da la'asar garin da ɗumi. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa.

Bayan magariba ni da Kawu muka je teburin mai shayi, inda direbobi suka kewaye murhu. Haƙorana har suna haɗuwa. Kawu ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗan nan, ka zo arewa da hunturu ba riga? Ai yanzu rana ta yi nisa da mu."

Malamin kimiyya ba ya jin irin wannan ya yi shiru, ko da kuwa kawunsa ne. Na ce, "Kawu, ai a 'yan kwanakin nan duniya ta fi kusa da rana a duk shekara, kilomita miliyan 147, alhali a Yuli miliyan 152 ne. Karkacewar duniya ce ke kawo hunturu." Mai shayi ya tsaya da sheƙa shayinsa, ya ce, "Malam, boko ne ya faɗi haka?"

A daren hazo ya ɗan yaye. Jinjirin watan Rajab na yamma, ga Zara matar wata dab da shi, fara tas. Wani direba ɗan Damagaram ya nuna ta da kofinsa, ya ce in akwai inda ya fi nan sanyi, to can ne. Ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina zafi a duniyoyi takwas da ke kewaya rana. Zara ita ce Zuhura, ita ce kuma Gamzaki in ta fito da asuba, kuma zafin doronta ya kai digiri 465, dare da rana, wanda ya isa ya narkar da dalma. A 1982 kumbon Tarayyar Sobiyat, Venera 13, ya sauka a kanta, ya yi aiki minti 127 kafin ya mutu.

"To ai ita ce ta fi kusa da rana ke nan," in ji Kawu.

Ba ita ba ce, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Makyuri ce ta fi kusa, kilomita miliyan 58, Zuhura kuwa miliyan 108. Makyuri da rana takan kai digiri 430, amma da dare sai ta faɗi zuwa 180 ƙasa da sifili, don kusan ba ta da iskar da za ta riƙe zafin. Zuhura kuwa a lulluɓe take da iskar kabon, kashi 96 cikin ɗari, mai nauyin da ya ninka na iskarmu sau casa'in. Girgijenta ma yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken rana, kamar farar riga, shi ya sa take ƙyalli haka. Ɗan abin da ya samu shiga ne ba ya samun hanyar fita.

Na ga na fara tsawaita lacca, sai Kawu ya karɓe zancen, ya kuma fi ni iya faɗa. Ya ce duk manomi ya san daren bazara da hadari ya haɗo bai zubar ba: ɗaki ba ya kwantuwa, waje ma zufa. Daren hunturu kuwa da sama ta yi wayam, iska ta bushe, ƙasa takan saki ɗuminta tun kafin isha'i. "Ashe zama kusa da wuta daban, bargo daban," in ji shi. Tururin ruwa da kabon su ne bargon tamu duniyar. Da su matsakaicin zafinta yake digiri 15. Ba don su ba da 18 ne ƙasa da sifili. Wata ma, da nisanmu da rana kusan ɗaya ne, da yake tsirara yake, da rana yana haura digiri 100, da dare ya zarce 100 ƙasa da sifili.

Nisa dai na da nasa rabo. Wajen ƙarfe tara wata tauraruwa ja ta ɗago daga gabas, Mirrihu, mai nisan kilomita miliyan 228 daga rana da siririyar iska, matsakaicinta kusan 60 ƙasa da sifili: ta yi nesa da murhu, mayafinta kuma tsumma ne. Naftun da ke can ƙurya tana wajen 200 ƙasa da sifili. Direban ya ce shi dai ba zai kai kaya can ba ko nawa ne kuɗin lodi.

Da muka koma gida Kawu ya ɗauko wani tsohon bargo mai ƙanshin hayaƙi ya jefa mini, ya ce, "Ungo, ɗan Makyuri." Da asuba ruwan buta ya sa na yi alwala ina salati. Zara ta daɗe da faɗuwa, jar tauraruwar nan kuma ta koma yamma, saman rumbun gero. Ƙarfe goma aka ɗaura aure, a lokacin har mutane sun fara neman inuwa.